Gam, ciko ko sabo: me ya dace da haƙoran roba idan hunturu ya shigo Kaduna?

Da zarar iska ta juyo daga arewa a watan Nuwamba, hazo ya fara lulluɓe gadar Kawo da sassafe, sai koken masu haƙoran roba ya zama iri ɗaya. Na sama yana saukowa ana tsaka da magana, na ƙasa yana yawo a baki wajen tauna, dasashi yana raɗaɗi, gefen baki ya tsage. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne sanyi ya sa haƙorin ya motse, ko kuma dasashin ne ya janye. Daga nan kowa sai ya kama gabansa. Wani ya nufi kemis neman gam, wata ta sa 'ya'yanta su haɗa kuɗin sabo, wani kuwa ya cire ya jefa a aljihun gaban riga, ba zai sa ba sai za shi ɗaurin aure.

Sanyin Kaduna bai kai ya canza girman haƙorin da ke cikin baki ba. Zafin jikin mutum yana nan wajen digiri 37, a Janairu ne ko a Afrilu, kuma haƙorin a cikin wannan ɗumin yake wuni. Abin da hunturu ke taɓawa shi ne yawu. Haƙorin sama ba ƙugiya ke riƙe da shi ba, siririn yawun da ke tsakaninsa da ganɗa ne, kamar yadda farantai biyu jiƙaƙƙu kan manne da juna a wurin wanke-wanke, in sun bushe kuma su rabu ba da wahala ba. A hunturu kuwa komai ya haɗu ya yi wa yawu taron dangi. Iska ba laima, mutum ba ya jin ƙishi balle ya sha ruwa, mura ta toshe hanci ana numfashi ta baki har cikin barci, sannan magungunan mura irin su Piriton suna ƙara busar da baki. In an haɗa da tsufa, da ciwon suga, da wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari, to an gama.

Sai dai akwai wani abu na biyu da ba ruwansa da lokacin shekara. Tun ranar da aka cire haƙori, ƙashin da yake zaune a kai ke fara zaizayewa. Ya fi sauri a watannin farko, daga baya ya rage gudu, amma ba ya tsayawa, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin cinyewa nesa ba kusa ba. Roba tana nan yadda aka zuba ta, bakin ne ke sauyawa a ƙarƙashinta. Da damina yawu na rufa wa wannan giɓin asiri, hunturu ne ke tona shi. Saboda haka kafin a kashe ko kwabo, a fara gane wanne daga cikin biyun ke damun mutum, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Gwajin a gida ake yinsa. A kurkure baki, a jiƙa haƙorin, a sa shi, sannan a danna turamen dama da yatsa, a koma a danna na hagu. In ya zauna daram bai motsa ba, amma bayan awa biyu ko uku ya fara sakewa, bushewa ce. In kuwa an danna nan can ya ɗaga, ko abinci na shigewa ƙarƙashinsa a kowane ci, to zamansa ne ya lalace, ko tulu guda aka shanye ba zai gyaru ba. Wanda ke kula da tsoho kada ya tsaya jiran a kawo masa ƙara, don iyayenmu ba su cika son a san haƙoran nasu na roba ne ba, balle a ji suna faɗowa. Tambaya ɗaya a keɓe ta wadatar: "Baba, da damina ma haka yake yi maka, ko yanzu ya fara?"

In bushewa ce

Nan ne zaɓi mafi araha ya fi kowanne aiki, kuma shi aka fi rainawa. Kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ta fi a ɗaga kofi guda a shanye sau biyu a wuni. Mai alwala sau biyar ya riga ya samu jadawali a hannunsa: ya cire haƙorin, ya ɗauraye shi, ya kurkure baki sosai, ya mayar da shi a jiƙe. Man kaɗe ko basilin a leɓe kafin a sa haƙorin yana hana gefen baki tsagewa lokacin da ake buɗe shi. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ya fi sauƙin wucewa a busasshen baki fiye da burodi ko dambu. Shayi mai kauri, goro da taba suna ƙara bushewar, goro ma har rina robar yake yi. Alewar mura irin su Tom Tom tana kawo yawu na ɗan lokaci, amma sukari ce, kuma ga wanda yake da sauran haƙoransa na asali, waɗanda rabin haƙorin roban ke rataye a jikinsu, tsotsonta wuni guda hanya ce ta rasa su. Ruwan kurkure baki mai sinadarin barasa shi ma busarwa yake yi, a duba jikin kwalbar. Akwai man jiƙa baki da feshi irin su Biotène, suna taimaka wa wanda magani ya kafar masa da yawu, sai dai daga waje ake kawo su, ba a kowane kemis ake samu ba, kuma aikinsu na 'yan sa'o'i ne. Wanda yake zargin maganin hawan jininsa ne kada ya daina sha da kansa, ya gaya wa likitan da ya rubuta masa, sau da yawa akwai wanda za a musanya masa da shi.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba: robar sama ta rufe ganɗa, don haka mutum bai cika jin zafin koko ko kunu sosai ba sai ya kai maƙogwaro. A lokacin da kowa ke neman abu mai tururi da safe, a riƙa ɗanɗanawa da leɓe tukuna.

Gam

Gam ɗin haƙori iri uku ne, na matsawa mai kama da man goge baki, na gari, da na falle da ake yankawa a shimfiɗa. Sunayen da aka fi cin karo da su su ne Fixodent, Poligrip da Corega. Dukkansu da ruwa suke aiki, sinadarin cikinsu yana tsotsar laima ya kumbura ya yi danƙo. Shi ya sa mai busasshen baki zai lafta gam ya ga bai kama ba, ya ɗauka jabu aka sayar masa, alhali bakin ne ba shi da abin da gam ɗin zai sha. A kurkure baki kafin a sa.

Na matsawa ya fi riƙo, ya fi daɗewa, kuma yana hana ɓarɓashin ƙuli-ƙuli da riɗi shigewa ƙarƙashi. Aibinsa wahalar wankewa, sai an bi ganɗa da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, kuma hannun mutane ya cika nauyi wajen matsa shi. Ɗigo uku ko huɗu ƙanana sun isa, in ya tsattsafo ta gefe bayan an danna, an yi yawa. Na gari ya fi tsafta, ba ya ƙara wa haƙorin tudu, ya dace da wanda haƙorinsa ke zaune lafiya yana neman ɗan ƙarin natsuwa ne kawai, amma shi ya fi dogara da yawu, ga mai bakin da ya bushe ƙamas kuwa bai cika kai la'asar ba. Na falle ya fi sauƙi ga tsohon da hannunsa ke rawa ko idonsa ya yi rauni, yana kuma yi wa dasashin ƙasa ɗan matashi, sai dai in an lissafa kuɗinsa a wata yakan fi sauran. In ni za a tambaya, ga hunturun nan na matsawa zan ce, kaɗan, a kan haƙorin da aka wanke aka tsane.

Akwai maganar sinadarin zink da ya kamata mai saye ya sani. Wasu gam ɗin suna ɗauke da shi, kuma mutanen da suka shekara da shekaru suna lafta shi fiye da ƙima, suna haɗiyewa, an same su da ƙarancin sinadarin tagulla a jiki, abin da ke kawo mutuwar jiki a tafin hannu da ƙafa da kasa tafiya daidai. A 2010 kamfanin da ke yin Poligrip ya daina sa zink a cikin nasa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: bututu mai nauyin giram 68 ya kamata ya kai mai haƙoran sama da ƙasa mako bakwai zuwa takwas. Wanda ke ƙarar da irinsa a mako biyu, ba ƙarin gam yake buƙata ba, likita yake buƙata. A duba kwalin, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, don kayan da ba a cika saye ba sukan daɗe a kan kanta.

Inda gam ke cutarwa shi ne idan aka mai da shi madadin gyara. Haƙorin da ke tangaɗi yana dukan ƙashi a wuri ɗaya kullum, gam yana ɓoye alamar ne kawai, ƙashin kuwa yana ci gaba da tafiya. Shi kuwa gam ɗin liƙe takalmi da ake sayarwa a tebur, wanda wasu ke ɗiga wa haƙorin da ya tsage, ba abin sa wa a baki ba ne, kuma yakan ɓata gefen tsagewar har mai gyara ya kasa haɗa ta daidai.

Ciko daga ciki

Wannan ne zaɓin da mutane da yawa ba su ma san da shi ba, shi ya sa suke tsallakawa daga gam zuwa sabo. Likita zai sa wani abu mai laushi a cikin haƙorin da kake da shi, ya mayar bakinka ya ɗauki sabon zanen dasashin, sannan a cike giɓin da sabuwar roba. Haƙoran da aka saba gani a fuskarka suna nan, tsayinsu da launinsu, cikin ne kawai ya koma daidai da bakin yau. Ga tsoho wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin harshe da kumatu sun ɗauki shekaru suna koyon riƙe wannan haƙorin, sabo kuwa sai an sake koyo daga farko.

Cikon iri biyu ne. Mai tauri da irin robar haƙorin ake yinsa, yana ɗaukar shekaru, yana wankuwa da kyau, sai dai in a ɗakin haɗa haƙora za a yi, mutum zai iya kwana ɗaya ko biyu ba haƙori, don haka kada a sa ranar kusa da biki ko suna. Mai laushi yana da daɗi ga wanda ƙashinsa na ƙasa ya zama siriri mai kaifi, wanda ko ɗumamen tuwo ya tauna sai ya ji har ƙwaƙwalwa. Amma ba ya daɗewa kamar mai tauri, yakan taurare ko ya fara ɓantarewa ta gefe, kuma ya fi tara ƙwayar cutar kandida, wadda busasshen baki ke yi wa daɗin zama. Wanda ya zaɓe shi ya san ya ɗaukar wa kansa ƙarin wanki da komawa asibiti. Wanda aka sa wa haƙori a ranar da aka cire masa na asali kuwa, ya sa a ransa ciko na jiransa cikin watanni kaɗan, ko hunturu ko bazara, don a lokacin ne ƙashin ya fi gudu.

Ciko ba ya gyara haƙorin da turamensa suka side suka zama sumul, ko wanda ya sha karyewa ana ɗinkewa, ko wanda ya sa haɓa ta matso kusa da hanci. Wannan na ƙarshen shi ke sa gefen baki ya ninke, yawu ya kwanta a wurin, ya yi ja ya tsage, ana ta shafa mai ana cewa hunturu ne. A nan sai sabo. Galibi ana lissafin shekara 5 zuwa 10 ga haƙoran roba, kodayake akwai dattawan da za su nuna maka nasu na shekara 20 suna alfahari. In za a yi sabon, kuma akwai sauran haƙoran asali, mai ƙashin ƙarfe ya fi siriri, ya fi ƙarko, yana barin ganɗa ta ji zafi da sanyin abinci, kuma yana jingina ne da haƙora, bushewar baki ba ta cika kayar da shi ba, amma ya fi tsada. Mai lanƙwasa yana da kyan gani da daɗin sawa, matsalarsa ita ce yi masa ciko ko ƙara masa haƙori yana da wuya. Na roba zalla shi ne mai araha, shi ne kuma mai sauƙin gyara. A sa rai da makonni na gurzuwa da komawa a rage nan a rage can, wanda a busasshen baki ya fi ciwo, don haka in tsohon haƙorin zai iya kai mutum ƙarshen hunturu, ni ban ga abin gaggawa ba.

Dashe shi ne ƙoli. Ana kafa ƙusa biyu na ƙarfen taitaniyom a muƙamuƙin ƙasa, a jira watanni su haɗe da ƙashi, sannan haƙorin ya riƙa ɗanuwa a kansu. Tun 2002 wani taron ƙwararru a jami'ar McGill ta Kanada ya ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, kuma gaskiya ga irin wannan mutumin shi ne kaɗai abin da bai damu da yawan yawu ba wajen riƙo. Amma tiyata ce, kuɗinta ba na kowa ba ne, tana buƙatar isasshen ƙashi, kuma mai shan taba ko mai sugan da bai daidaita ba ya fi fuskantar ta ƙi kamawa. Ba abu ne da ake yanke shawararsa don wahalar wata uku ba.

Da dare

Duk wanda aka zaɓa a cikin waɗannan, inda haƙorin ke kwana yana iya rushe shi. Kwana da shi a baki ya fi komai muni. Dasashi ba ya hutawa, yawu dama yakan ragu a barci, kandida ta samu wuri, ganɗa ta yi jajir daidai girman robar, sau da yawa ba tare da ciwo ba. Wani bincike da aka yi a Japan kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama, aka buga a 2015, ya gano masu kwana da haƙoransu sun ninka sauran haɗarin kamuwa da nimoniya, wato ciwon huhu. A watannin da ƙura ta riga ta dami ƙirji, wannan kaɗai ya isa dalili.

Ajiye shi a bushe a kan taga ko ƙarƙashin matashi shi ma ba dabara ba ce a nan. Robar tana riƙe da ɗan ruwa a jikinta, iskar da ke busar da wanki kafin a gama shanya ba za ta bar mata shi ba, ga ƙura, ga faɗuwa a kan siminti. A sa shi a roba mai murfi da ruwa mai tsafta, a canza ruwan kullum. Babban haɗarin lokacin sanyi kuwa shi ne ruwan zafi. An dafa na wanka ko na alwala, sai a ce bari a zuba wa haƙorin Hajiya don ƙwayoyin cuta su mutu. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa roba, kuma in ta lanƙwashe ba ta dawowa. Ruwan da yatsa zai iya zama a ciki ba tare da an janye ba, iyakarsa ke nan.

Wajen wanki, buroshi mai laushi da sabulun ruwa mara ƙamshi sun fi man goge baki, wanda ke kankare robar ya bar ƙananan ramuka da datti ke maƙalewa. Asawaki, gawayi da toka a bar su ga haƙoran asali. Ƙwayoyin jiƙo irin su Polident da Steradent suna kashe abin da buroshi bai kai gare shi ba, amma ba su ɗauke wa mutum gugar ba, kuma a ɗauraye sosai kafin a mayar baki. Ruwan bilic da aka tsarma da ruwa mai yawa yana aiki a kan na roba zalla in bai wuce minti 10 ba, ga mai ƙarfe kuwa haramiyarsa ne, cinye shi yake yi. A wanke a kan kwano mai ruwa ko tawul, don yatsun asuba ba su da riƙo.

A cikin gari akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Barau Dikko da asibitin sojoji na 44, ga na jami'ar Ahmadu Bello a Shika ga wanda Zariya ta fi masa kusa, ban da masu zaman kansu. Ko ina za a je, a tabbata likitan haƙori ne zai duba bakin kafin a taɓa robar, domin mikin da ya wuce mako biyu bai warke ba bayan an huta da haƙorin, ko farin tabo, ko ƙullutu, ba aikin mai fiƙe roba ba ne, abu ne da ake son ƙwararre ya gani da wuri. Kada kuma a ɗauki wuƙa ko reza a rage wurin da ke gurza a gida, gefen da aka kankare shi ne sau da yawa yake hana iska shiga ƙarƙashin haƙorin ta sake shi.

Lokacin karɓar ranar ganin likita, a tambaya me za a yi. In wurin da ke ciwo za a rage, ana son mutum ya zo da haƙorin a bakinsa na wasu sa'o'i, ko da yana jin zafi, don jan tabon ya nuna wa likita daidai inda zai taɓa. In kuwa zanen ciko ko na sabo za a ɗauka, akasin haka ake so, a cire shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, dasashin ya saɓe. Zanen da aka ɗauka a kan kumburarren dasashi zai ba da haƙorin da zai yi sako-sako da zarar kumburin ya sauka.